BA A ARON MAN FITILA A DAREN JARRABAWA: Darasi Ga Ɗalibai Da Iyaye Na Ƙasar Birnin Gwari

Karatu: Matiyu 25:1-13, Daniyel 1:1-21

Gabatarwa

 Kowace shekara, da zarar an kai amfanin gona rumbu an shiga watan Janairu, gidaje da yawa cikin farish-farish namu sukan shiga zullumi, gama lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya matso, a bayanta ga ta WAEC, a bayan wannan kuma ga ta NECO. Uba yakan sayar da buhunan masara, uwa takan kwashe adashinta, wani gidan har akuya sai ta tafi kasuwa. Bayan wannan wahala duka sai sakamako ya fito, a ga yaro bai kai ko'ina ba, a koma ana neman wanda za a ɗora wa laifi.

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a taron matasa, da taron Zumuntar Mata Katolika, da na maza, da kuma cikin gida bayan addu'ar dare. Koyarwarsa guda ɗaya ce. A ƙasa irin tamu, inda ba kullum makaranta take buɗe ba, shirin jarrabawa aiki ne na kowace rana wanda ake fara shi da wuri, a yi shi da gaskiya, kuma nauyinsa yana wuyan ɗalibi da iyayensa da dukan jama'ar Ekklesiya.

1. Halin da 'ya'yanmu suka taso a ciki

Kafin mu tsawata wa yaro, ya kamata mu tuna irin shekarun da ya yi karatu a cikinsu. A 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasar nan watanni, har jarrabawar WAEC da aka saba yi a Mayu da Yuni ta koma Agusta. A ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama, a cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, suka tafi da malamai uku. A wannan shekara ce kuma aka kwashi ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka, da Jami'ar Greenfield, da makarantar Bethel Baptist. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, har da namu. A ranar 7 ga Maris 2024 aka sace 'yan makaranta a Kuriga, maƙwabtanmu na ƙaramar hukumar Chikun, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da yara 137.

Tsakanin waɗannan manyan labarai akwai waɗanda jarida ba ta ɗauka ba: malamin da ya nemi canjin wurin aiki ba a turo wani a madadinsa ba, iyalin da suka baro ƙauyensu a bakin dajin Kamuku suka bar littattafai da takardun yara a ɗaki, da yarinyar da aka cire daga makaranta domin kuɗin karatunta sun tafi wajen fansar ɗan'uwa. A watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhun da gwamnatin jiha ta shiga, muka yi wa Allah godiya. Amma buɗe kasuwa ba ya maido da zangon karatun da ya riga ya wuce. Yaron da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a 2020 ko 2021, shi ne mai isa ƙofar jami'a shekara shida bayan haka, kuma tambayoyin da za a ba shi su ne waɗanda za a ba ɗan Legas da ɗan Abuja. Hukumar jarrabawa ba ta rage wa kowa tambaya saboda garinsu ya sha wahala. Wannan magana tana da ɗaci, amma gara yaro ya ji ta daga bakin masu ƙaunarsa tun da sauran lokaci.

2. Abin da Maganar Allah take koya mana

A cikin Bishara ta hannun Matiyu, Ubangijinmu ya ba da misalin 'yan mata goma masu jiran ango. Dukansu suna da fitila, dukansu sun yi gyangyaɗi da ango ya yi jinkiri. Abin da ya raba su shi ne biyar sun zo da guzurin mai, biyar ba su zo da shi ba. Da tsakar dare da aka yi shelar isowarsa, marasa mai suka roƙi 'yan'uwansu, ba su samu ba, suka fita nema, kafin su dawo an rufe ƙofa. Ainihin ma'anar misalin ita ce zama a shirye domin zuwan Ubangiji, kuma Waliyyi Agustin ya fassara man nan da ƙauna, abin da mutum ba ya iya zuba wa wani daga cikin zuciyarsa a sa'ar ƙarshe. Ilimi ma haka yake. Abokinka zai iya ara maka littafi, ya ara maka biro, amma abin da ya yi wata shida yana tarawa a kansa ba ya aruwa a dare ɗaya. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Karatu na biyu ya fi kusa da halinmu. Daniyel da abokansa uku samari ne da yaƙi ya raba da garinsu, aka kai su Babila. A can aka sa su koyon baƙon harshe da littattafan mutanen ƙasar har shekara uku, da sharaɗin cewa a ƙarshe sarki da kansa zai gwada su. Sun karɓi karatun da hannu biyu, ba su ce harshen maƙiya ne ba. Abu ɗaya suka ƙi, wato abincin fada da zai ƙazantar da su bisa ga Shari'ar Allahnsu. Ranar gwaji kuwa aka same su sun fi sauran nesa ba kusa ba. Ga darasi biyu a nan ga ɗan gudun hijira: barin gida ba ya hana mutum zama gwani, kuma akwai abin da mai tsoron Allah ba zai ci ba ko da an ce sai da shi za a ci gaba.

3. Sanin ƙofofin da za a bi

Iyaye da yawa suna biyan kuɗi ba tare da sun san abin da suke biya ba. Bari mu bayyana a taƙaice.

Ƙofa ta fari ita ce jarrabawar gama sakandare. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda aka kafa a 1999 da hedkwata a Minna, su ne manyan masu shirya ta, ga kuma NABTEB domin 'yan makarantun sana'a. Abin da jami'a take nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da ake so, galibi har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Wasu fannoni, kamar likitanci a jami'o'i da yawa, zama ɗaya kaɗai suke karɓa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Tun 2010 jarrabawarta guda ɗaya ce, mai suna UTME, domin jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi. Tun 2015 kuma a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma fannin da ɗalibi yake nema ne yake tsara su. Mai son likitanci zai ɗauki Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci zai ɗauki Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya ba zai bar Adabin Turanci ba. Cikakken maki 400 ne. A 2025 ɗalibai sama da miliyan 1.9 suka zauna, sama da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 ba. Wanda ya zaɓi darussan da ba su dace da fanninsa ba, ko ya ci maki 300 ba za a ɗauke shi ba, saboda haka a duba littafin bayanin fannoni na hukumar kafin a cika fom.

Ƙofa ta uku ita ce tantancewar da kowace jami'a take yi wa waɗanda suka zaɓe ta, al'adar da ta fara a 2005. Wasu sukan ba da jarrabawa, wasu sukan haɗa makin JAMB da sakamakon sakandare kawai. Bayan haka sunan ɗalibi zai fito a tsarin CAPS na hukumar JAMB, wanda aka fara a 2017, kuma lalle ne ɗalibi ya shiga ya amsa cewa ya karɓi gurbin. Duk gurbin da bai bi ta wannan tsari ba, hukumar ba ta san da shi ba, kuma wahalarsa takan fito ne a ƙarshe, lokacin tafiya hidimar ƙasa.

4. Takardu kafin littattafai

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A nan ne yaranmu da yawa suke tuntuɓe. Yaro yana da sunan da aka raɗa masa a gida, da sunan baftisma, da sunan da malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Katin baftisma ya ce wata shekara, takardar haihuwa ta ce wata. Idan sunan da ke kan NIN ya bambanta da na takardar WAEC, ko da harafi ɗaya ne ko jerin sunayen, gyaransa yakan ci kuɗi da watanni. Saboda haka tun yaro yana aji huɗu na sakandare a zauna a daidaita suna da ranar haihuwa, a tsaya a kan guda. Iyalan da takardunsu suka salwanta wajen gudu su sanar da Fada ko malam katekis da wuri, gama rajistar baftisma tana nan a ofishin farish, za ta taimaka wajen tuna abin da aka rubuta tun farko.

Layin wayar da aka yi rajista da shi a riƙe shi kamar takardar gona, domin ta kansa saƙonnin hukumar suke zuwa. Kada a yi rajista da layin mai shagon kwamfuta, kada kuma a bar masa kalmar sirri. A yi rajistar a cibiyar da hukumar ta amince da ita, ɗalibi ya karanta abin da aka buga da idonsa kafin ya tashi. A tuna kuma, shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, don haka babu amfanin tsallake da yaro aji domin gaggawa.

5. Yadda ake tara mai

Manomi ya san gona ba ta son aikin rana ɗaya. Akwai shara, akwai shuka, akwai noman firi, akwai maimai, kowanne da lokacinsa, wanda ya haɗa su a mako guda ciyawa zai girba. Ɗalibi ya ɗauki karatunsa haka.

Da farko ya samo manhajar kowane darasi. Hukumomin jarrabawa suna wallafa ta, ta JAMB kyauta ce a intanet. Ya zauna da biro ya bi ta layi layi, ya sa alama a kan abin da aka koya masa da abin da ba a taɓa koya masa ba. Wannan aiki ya fi muhimmanci ga ɗan Birnin Gwari fiye da kowa, gama ramukan da rufe makaranta ya bari a kansa ba zai san girmansu ba sai ya auna. Abin da ba a koya masa ba, shi zai fara kai wa malami ko wani na gaba da shi.

Na biyu, ya tsayar da lokaci. Sa'a biyu kowace rana har wata shida ta fi kwana ba barci na mako biyu. Da sanyin safiya ake kama fara: bayan addu'ar safe, kafin aikin gida ya taso, kai yana nan sarari, kuma hasken gari ba ya cin batir. Lissafi da Turanci kada rana ta wuce ba a taɓa su ba.

Na uku, ya gwada kansa. Yawan kallon shafi yakan ruɗi mutum ya ɗauka ya sani. Idan ka karanta babi, rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka riƙe, sa'an nan ka buɗe ka ga abin da ya zube. Ka koma kansa bayan kwana biyu, ka sake komawa bayan mako, ka sake bayan wata. Wannan shi ne maimai na karatu. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani ƙwarai, amma a yi su domin gane yadda ake tambaya da inda ake kuskure. Wanda ya haddace cewa amsar lamba bakwai B ce bai koyi kome ba.

Na huɗu, ya nemi abokan karatu, mutum huɗu zuwa shida, kowa ya ɗauki babi ya koya wa sauran. Wanda ya iya bayyana abu da Hausa ko da Gwari har ɗan'uwansa ya gane, ya riga ya mallake shi, saura ya mai da shi Turanci. Turancin kuwa da amfani yake zama. A karanta karatun Misa na ranar da Turanci da babbar murya, a saurari labaran rediyo da Turanci, a rubuta shafi ɗaya kowace rana a ba wani ya gyara. Littafin labarin da JAMB take sa wa a karanta domin darasin Turanci, a karanta shi daga farko har ƙarshe, kada a dogara ga taƙaitawar da ake sayarwa.

6. Kwamfuta, agogo da hanya

A jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ne cikin sa'a biyu, 60 na Turanci, 40 na kowane darasi cikin ukun. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yakan ɓata minti goma na fari yana rawar hannu, minti goma kuwa tambaya 15 ke nan. Alhali abin ba shi da wuya: harufan A, B, C da D su ne na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ya kamata kowane ɗalibi ya taɓa waɗannan maɓallai sau da yawa kafin ranar, ya kuma shiga jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa idan da hali. Tambayar da ta gagara a tsallake ta, a dawo mata daga baya. WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta a 2024 ga masu rubutawa a kan kansu, saboda haka koyon na'urar nan ya zama wajibi.

Idan na'ura ta tsaya, ɗalibi ya ɗaga hannu ya sanar da mai kula, kada ya firgita. Na'ura tana kuskure. A 2025 hukumar JAMB ta amsa a fili cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ta sake musu jarrabawar.

Ga wanda aka tura Kaduna ko Zariya ko wani gari, tafiya ma sashe ce ta shiri. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ya fi kilomita 100. A tafi ana gobe jarrabawa, da rana, cikin ayari, tare da babba. Kada a bar yaro, musamman 'ya mace, ya kwana a tasha ko a gidan wanda ba a sani ba. Farish-farish na birni suna da iyalai masu iya saukar da baƙo kwana biyu, wasiƙar Fada ta isa ta buɗe wannan ƙofa.

7. Abincin da ba za mu ci ba

Yanzu mun zo wurin da darasin nan ya fi nauyi. Idan iyaye suka ga yaro ya rasa shekaru, sai wani ya zo musu da raɗa: akwai makarantar da in an biya kuɗi za a rubuta amsa a allo, akwai wanda zai shiga a madadin yaron, akwai mai ƙara maki a kwamfuta. Har akan ce ai taimako ne, tunda ba laifin yaron ba ne. 'Yan'uwa, mu kira abin da sunansa. Doka ta Bakwai ta hana sata, Doka ta Takwas ta hana shaidar zur. Mai satar jarrabawa ya karya duka biyun: ya ƙwace gurbin wani ɗan talaka da ya yi karatu da gumi, ya kuma riƙe takardar da take shaida abin da ba ya cikin kansa. Uban da ya biya kuɗin, da malamin da ya karɓa, da mai gadin da ya kau da kai, duk suna da rabo a cikin zunubin, kuma abu ne da ya kamata a kai wurin furta zunubi.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar soja ta 1984 ta yanka ɗaurin shekara 21 a kan wannan laifi, dokar 1999 da ta biyo baya ta tanadi tara ko ɗauri ko duka biyu. Hukumomi sukan riƙe sakamakon cibiya ɗungum, mai laifi da marar laifi su tafi tare. JAMB tana ɗaukar hoton yatsa, tana sa na'urar ɗaukar hoto a ɗakunan jarrabawa. Masu cewa za su ƙara maki kuwa 'yan damfara ne, kuɗin kawai za su ci. Ko an tsallake duk wannan, ramin ƙarya ƙurarre ne: jami'o'i suna bincika takardu, sukan kori ɗalibi ko yana shekarar ƙarshe.

Sai mu yi tunanin ƙarshen abin. Asibitocin ƙauyukanmu suna jiran ma'aikatan jinya, makarantunmu suna jiran malamai, kuma mun gani da idonmu cewa in wuri ya yi zafi baƙo yakan tafi, ɗan gida ne yake zama. Idan ɗan gidan nan da takardar saye ya dawo, a jikin wa zai koyi allura? 'Ya'yan wa zai koya wa Lissafin da bai iya ba?

8. Bayan an shiga jami'a

Samun gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko Jami'ar Veritas ta Bishop-bishop ɗinmu da ke Bwari, mafarin wani gwaji ne. A jami'a ba mai kaɗa ƙararrawa, ba mai bin ka da bulala. A yawancin jami'o'inmu maki 30 ko 40 cikin 100 na kowane kwas daga gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida suke fitowa, sauran daga jarrabawar ƙarshe. Da yawa kuma suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Wanda ya yi wasa da ƙananan gwaje-gwaje ya shiga ɗakin jarrabawa da bashi a wuyansa.

Sakamakon kowane zango ana tara shi ne a kan na baya har ranar gamawa. Mafi girman matsayi 5.00 ne, digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa. Saboda haka sakacin shekarar fari yakan bi mutum har shekarar ƙarshe, kwas ɗin da aka faɗi kuma sai an maimaita shi a kan nauyin sabuwar shekara. Idan yajin aiki ya rufe makaranta, kamar na malaman jami'a da ya kai wata takwas a 2022, kada a rufe littafi tare da ƙofar makaranta, gama da an dawo jarrabawa takan zo da gaggawa. Ɗalibi ya nemi majami'ar Katolika ta makarantar da ƙungiyar ɗalibai ta NFCS tun makon farko. Wanda kuma wani ya nemi kuɗi ko jikinsa a bakin maki, kada ya yarda, kada kuma ya yi shiru: ya faɗa wa Fadan ɗalibai da hukumar makaranta.

9. Idan ba a ci ba

Waliyyi Yohanna Vianney ɗan manoma ne a Faransa. Hargitsin juyin juya halin ƙasarsu ya hana shi karatu yana yaro, sai da ya kusa shekara 20 ya zauna aji da ƙananan yara. Aka kira shi aikin soja a 1809, karatun ya sake tsayawa. Harshen Latin ya gagare shi, ya faɗi jarrabawa a makarantar horon firistoci. Wani Fada ya ɗauke shi yana koya masa a gida da haƙuri, har aka naɗa shi firist a 1815. Yau shi ne waliyyin da Ekklesiya ta ba dukan Fadannin farish su yi koyi da shi.

Faɗuwa a jarrabawa ba hukuncin Allah ba ne a kan mutum. Iyaye su kiyaye harshensu a ranar da sakamako ya fito, gama baƙar magana ta wannan rana takan kai yaro ga ƙwaya, ko ramin haƙar zinariya, ko abin da ya fi haka muni. A zauna a duba inda aka gaza, a sake shiri. Hanyoyi kuma suna da yawa: kwalejin ilimi, kwalejin kimiyya da fasaha, makarantar aikin jinya, shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga mai aiki. Mai takardar NCE ko difloma yana iya shiga jami'a daga aji biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

10. Aikin iyaye da na farish

Majalisar Vatican ta Biyu, a cikin sanarwarta kan tarbiyyar Kirista ta 1965, ta koyar cewa iyaye su ne malaman fari na 'ya'yansu. Uban da bai yi boko ba yana iya cika wannan aiki. Jarrabawar WAEC da NECO sukan faɗo daidai lokacin shuka da noman firi, saboda haka a ɗauke wa mai jarrabawa gona a waɗannan makonni, ko da za a kira gayya. 'Ya mace a rage mata tallar da aikin murhu, gama ita da ɗan'uwanta tambaya ɗaya za a yi musu. A ware kuɗin rajista tun a kaka, kafin hatsi ya tafi wajen biki. Game da kuɗin makaranta, gwamnatin tarayya ta fara ba da rancen karatu ta asusun NELFUND a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ya kamata a bincika sharuɗɗansa.

Farish kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace majami'a, har ta ƙauye, tana da benci da rufi. A buɗe ta domin karatun yamma, a tashi kafin duhu. A haɗa kuɗi a sayi fitila mai aiki da hasken rana, da littattafan da za a riƙa ara. Malamai da ma'aikatan lafiya da ɗaliban da suka zo hutu su ba da sa'a biyu a mako. Mai kwamfuta ya kawo ta ranar Asabar yara su taɓa. Kada kuma a hana 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi zama a wannan aji, gama wahalar da ta same mu tare ta same mu. A sa ranar 28 ga Janairu, idin Waliyyi Toma Akwinas mai roƙo domin ɗalibai, ta zama ranar da za a yi Misa domin masu jarrabawa, a kuma rubuta sunayensu domin a san wanda ba shi da mai biya masa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ɗalibai nawa ne a majami'armu za su rubuta jarrabawa bana, wane ne kuma cikinsu maraya ko ɗan gudun hijira?
2. Me ya sa 'yan matan nan biyar ba su iya raba mansu ba? Wane irin taimako ne ya halatta tsakanin ɗalibai, wane ne bai halatta ba?
3. Idan makaranta ta nemi kuɗin "taimako" a lokacin jarrabawa, me iyaye Kirista za su yi tare, domin kada a bar mutum ɗaya ya tsaya shi kaɗai?
4. Wane aiki guda ɗaya ƙungiyarmu za ta fara kafin Lahadi mai zuwa, wa zai ɗauki nauyinsa?

Addu'a

Ya Allah, Uban haske da dukan hikima, ka dubi 'ya'yanmu waɗanda tashin hankali ya cinye musu shekarun karatu. Ka ba su naciya a kan littafi, da natsuwa a ranar gwaji, da zuciyar da za ta ƙi cin abin da ba nata ba. Ka tsare su a hanya, ka sa wa malamansu albarka, ka ba ƙasarmu ta Birnin Gwari salama mai ɗorewa. Uwargida Maryamu, Mazaunin Hikima, ki yi roƙo dominsu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.